Taura Biyu: Rage Wa Babbar A-kori-kura Tsayi, A Kuma Bar Ta Da Ƙarfin Jan Tirela

(Laccar da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai, cikin jerin laccocin ƙarshen zango.)



Ran da muka miƙa kan maganar da za mu yi yau, wani daga cikin masu shirya taro ya dube mu ya ce, shin duk matsalolin duniya sun ƙare ne, sai na mutumin Amurka da motarsa ta yi masa tsayi? Tambayarsa tana kan hanya, saboda haka da amsarta za mu fara. Mun zaɓi wannan magana ne domin a cikinta akwai darasin da duk wanda zai riƙe aikin injiniya, ko ya sa hannu a takardar sayen motocin hukuma, ko ya duba lafiyar abin hawa, ya kamata ya haddace shi. Darasin kuwa shi ne, duk abin da mutum ya ƙara wa na'ura a wani gefe, to ya rage mata wani abu a wani gefen, ko ya sani ko bai sani ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Za mu duba mu gani ko wannan karin magana ya ci mai mota, ko kuwa akwai dabarar da zai tauna su duka biyu ba tare da haƙori ya fita ba.

WACE IRIN MOTA MUKE NUFI

A Amurka a-kori-kura ta daɗe da zama jakin manomi da magini da makiyayi. Tun 1925 kamfanin Ford ya fara sayar da Model T mai akwatin kaya a baya, a 1948 kuma ya fito da jerin motocin nan masu harafin F waɗanda har yau ake ƙera su. Waɗanda muke magana a kansu su ne manyan cikinsu, watau Ford F-250 da F-350, da Chevrolet Silverado 2500HD da 3500HD, da Ram 2500 da 3500. A rabon da hukumar ƙasar ta yi, masu lamba 250 ko 2500 bisa al'ada nauyinsu duka, mota da mai da mutane da kaya, yana tsakanin laba 8,501 da 10,000, watau iyakarsa kimanin kilo 4,536. Masu lamba 350 ko 3500 kuwa suna kaiwa laba 14,000, kimanin kilo 6,350. Yawancinsu injin dizal gare su, wasu kuma tayoyi huɗu gare su a baya. Don ku san irin ƙarfin da ake magana, a 2023 Ford ya ba babbar yayarsu F-450 izinin jan tirela mai nauyin laba 40,000, watau sama da tan 18.

Da waɗannan motoci ake jan tirelar shanu da dawaki a Teksas, da su ake jan tarakta daga gona zuwa gona, da su kuma iyali ke jan ɗakin kwana mai taya in za su yawon hutu. Hanyar ɗaura tirelar iri biyu ce. Akwai maƙali mai ƙwallon ƙarfe da ke ƙarƙashin bamba ta baya. Akwai kuma wanda ake kafawa a tsakiyar akwatin kaya, daidai saman aksul ɗin baya, ko dai ƙwallo ga tirela mai dogon wuya irin na dinya, ko kuma faranti irin wanda muke gani a kan manyan tirelolin hanyarmu. Ku riƙe wannan bambanci, za mu komo kansa.

ME YA SA AKE RAGE TSAYIN

Dalili na farko kwalliya ce, kuma ba mu raina ta ba. Al'adar kwantar da mota har ta kusa shafar kwalta ta yi ƙarfi ne a tsakanin Amurkawa 'yan asalin Meziko a birnin Los Anjalis bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin ya kai har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 ta hana tuƙa motar da wani sashenta ya fi ƙasan wili kusa da ƙasa. A 1959 wani mai suna Ron Aguirre ya sa wa motarsa famfon mai wanda ke ɗaga ta in ya hango ɗan sanda, ya kwantar da ita in ya wuce. Dokar ta zauna har 2023 da aka soke ta, sokewar ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2024. Daga ƙananan motoci wannan sha'awa ta haura zuwa ga a-kori-kura.

Amma fa ba duka ne kwalliya ba. Motocin nan sun yi ta ƙara tsayi daga wannan ƙira zuwa waccan, har ya zama dattijo ba ya shiga sai da matakala, mai ɗora buhu kuma sai ya ɗaga shi har ƙirji. Wanda ke da tsohuwar tirela mai hawa kan faranti, in ya sayi sabuwar mota, sai ya tarar gaban tirelar ya ɗaga sama, ko kuwa cikinta ya kusa taɓa gefen akwatin kaya, alhali masu wannan sana'a sun saba barin tazarar inci 6, watau santimita 15, a wurin. Bugu da ƙari, mota in ta yi ƙasa, cibiyar nauyinta ta yi ƙasa, kifewa kuma ta ƙara wuya. Ma'aunin da hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ke amfani da shi tun 2001 mai sauƙi ne: a raba faɗin da ke tsakanin taya da taya da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Alal misali, in faɗin mita 1.75 ne, cibiyar nauyi kuma tana santimita 80 daga ƙasa, amsa ita ce 1.09. In aka sauko da ita zuwa santimita 72, amsa ta zama 1.22, kuma duk yadda lambar ta ƙaru, haka motar ke ƙara zama daram. Mai tafiya a ƙasa ma yana da rabo a ciki, domin a 2023 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta ba da rahoto cewa motocin da tsayin hancinsu ya wuce inci 40 sun fi waɗanda nasu bai wuce inci 30 ba, masu gangararren gaba, kashe wanda suka buge da kimanin kashi 45 cikin 100.

Ashe ke nan mai son rage tsayi yana da hujja. Saura mu ga abin da zai biya.

ABIN DA KE FARUWA IN AN ƊAURA TIRELA

Kowa a nan ya san amalanke. In aka jibga kaya a bayan tayoyinta, sai hannunta ya tashi sama, mai turawa ya yi ta kokawar danne shi. To, haka mota take. Tirela mai lafiya dole ta ɗora wani kaso na nauyinta a kan maƙali: kashi 10 zuwa 15 cikin 100 in maƙalin bamba ne, kashi 15 zuwa 25 in na cikin akwati ne. In aka rage ƙasa da haka don a tausaya wa mota, sai tirela ta fara kaɗa wutsiya a kan gudu, kaɗawar tana ƙaruwa har ta juya motar da ke janta.

Bari mu ɗauki misali da lissafi. Ga tirela mai kilo 4,000, tana danna maƙali da kilo 500. Tsakanin aksul ɗin gaba da na baya mita 4 ne, maƙali kuma yana bayan aksul ɗin baya da mita 1.2. Nauyin da zai hau aksul ɗin baya shi ne 500 sau 5.2 a raba da 4, watau kilo 650. Ina ƙarin kilo 150 ya fito? An zare shi ne daga tayoyin gaba, waɗanda su ne ke riƙe sitiyari, su ne kuma ke ɗaukar babban rabon birki. Wannan ne dalilin da ya sa masu ƙera a-kori-kura ke barin bayanta ya fi gabanta tsayi in babu kaya. Ba kuskure suka yi ba. Sun bar wurin da za ta zauna ne in nauyi ya hau.

Yanzu mu ce sifirin ɗin baya guda biyu suna nutsewa santimita 1 a kowane kilo 130. Kilo 650 zai nutsar da su santimita 5. Tsakanin aksul da shasi akwai tazara, a ƙarshenta kuma akwai wani gammon roba da ke hana ƙarfe bugun ƙarfe. In tazarar santimita 15 ce, bayan an ɗaura tirela saura 10, sun isa mota ta sha rami ta wuce. To, ga mai kwalliya ya zo ya sauke bayan da santimita 10. Tazara ta koma 5, tirela kuma ta cinye su duka tun ba a tashi inji ba. Motar nan yanzu ba a kan sifirin take tafiya ba, a kan gammo take zaune. Kowane rami zai doki shasi kai tsaye, taya ta yi tsalle ta rabu da kwalta, tayar da ba ta taka ƙasa kuwa ba ta birki, ba ta kuma riƙe kwana. Wannan tazara ita ce jarin mai jan kaya, kuma duk maganarmu ta yau a kan yadda za a kashe ta da tattali take.

HANYOYIN SAUKE GABA

Gaba ya fi sauƙin sha'ani, tun da tirela ba a kansa take zaune ba. Hanya mafi kyau ita ce a sauya ƙarfen da wili ke juyawa a kansa da wani wanda aka ƙera shi da mazaunin wili a sama da inci 2 ko 3. Wili ya hau sama cikin bodi, mota ta sauko, sifirin da shokazoba kuwa suna nan yadda suke, ba a taɓa tazararsu ba. Wannan ita ce kusan hanya ɗaya tak da ake samun ƙasa ba a biya da tazara ba, sai dai a lura kada ƙarafan ƙasa su goga cikin wili.

Motocin Chevrolet manya suna da wata doguwar sandar ƙarfe a kowane gefen gaba wadda murɗewarta ce ke aikin sifirin, kuma akwai kusar da ake sassautawa gaban ya sauko. Ɗan kaɗan ba laifi, amma in aka zarce sai mota ta zauna kan gammonta. Ford da Ram masu jan ƙafa huɗu kuwa aksul guda ne miƙaƙƙe ya ratsa gabansu, a ƙarƙashin kaskon man inji. Irin waɗannan ba sa saukowa da yawa, domin abin da aksul zai fara duka in ya taso shi ne kaskon nan. Saboda haka mai son mota ta kwanta sosai, da mai jan ƙafa biyu ya kamata ya fara.

Akwai hanyoyi biyu na araha da za mu ambata don a guje su. Ta farko a yanke zagaye ɗaya ko biyu daga sifirin mai murɗe: mota za ta sauko, amma sifirin ya ƙara tauri, kuma bakinsa ba zai zauna daidai a mazauninsa ba. Ta biyu ta fi muni, watau a gasa sifirin da wutar walda har ya lanƙwashe. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne an kuma sanyaya shi bisa ƙa'ida, wuta kuwa tana kashe wannan dahuwa, sai ya yi ta zama har ran da zai karye. Araha ba ta ado.

HANYOYIN SAUKE BAYA

A nan gizo ke saƙa. Yawancin motocin nan sifirin mai falle-falle gare su a baya, yana zaune a kan aksul, sai Ram 2500 wadda tun ƙirar 2014 ta koma mai murɗe, har ma ana iya sayenta da jakar iska daga kamfani. Hanyoyin sauke mai falle-falle huɗu ne, za mu jero su daga mai sauƙin illa zuwa mai tsanani.

Ta farko: motoci da yawa masu jan ƙafa huɗu suna da wani bulon ƙarfe tsakanin aksul da sifirin. In aka musanya shi da gajere, baya ya sauko inci 1 ko 2, sifirin kuma yana nan da cikakken ƙarfinsa. Masu tirelar faranti sun daɗe suna yin haka. Sharaɗi ɗaya, kusoshin nan masu lanƙwasa da ke rungume aksul ba a mai da tsofaffi, sababbi ake sawa, a ɗaure su da ma'auni, a kuma sake ɗaurewa bayan 'yar tafiya.

Ta biyu: a sauya maratayar da ke riƙe wutsiyar sifirin. Abin lura a nan shi ne aksul yana wajen tsakiyar sifirin ne, saboda haka in aka matsar da wutsiyar inci 4, abin da mota za ta sauko kimanin inci 2 ne. Ita ma wannan ba ta rage ƙarfin sifirin, tazara kawai take ci.

Ta uku: a zare falle ɗaya ko biyu. Wannan ita ce wadda mai jan kaya ba zai ko kalla ba, domin hasara biyu ce a lokaci guda. Tazara ta ragu, sifirin kuma ya yi laushi, watau nauyin da a da ke nutsar da shi santimita 5 yanzu zai nutsar da shi fiye da haka. Musamman kada a taɓa fallen nan mai kauri na can ƙasa, wanda ba ya aiki sai kaya sun yi nauyi.

Ta huɗu: a juya zaman, aksul ya koma saman sifirin. Wannan takan sauke mota inci 5 ko 6 a tashi ɗaya, kuma aksul ya matso dab da shasi, har sai an yanke wani baka a cikin shasin don ya sami wurin motsi. To, a nan muke roƙon ɗaliban injiniya su tuna da darasin ajinsu. Ƙarfin azara mai kusurwa huɗu wajen jure lanƙwasa yana tafiya ne da tsayinta sau tsayinta. In aka rage tsayin da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ya saura. Kuma ina ake yankan? Daidai saman aksul, watau wurin da farantin tirela ke zama, wurin da kuma duk nauyin maƙalin bamba ke bi ya wuce. Ana iya lulluɓe wurin da faranti mai kauri a mai da wani abu daga ƙarfin, amma shasin zamani ba irin na da ba ne. Ford ya ce kashi 95 cikin 100 na shasin manyan motocinsa na 2017 ƙarfe ne mai ƙarfi na musamman, irin wannan kuwa zafin walda yana sauya halinsa, shi ya sa kamfanoni ke gargaɗi a kan huda leɓen shasi ko yi masa walda. Tsaga ba ta fitowa ran da aka yi aikin. Tana tafiya ne a hankali, rami bayan rami, har ran da shasi zai buɗe da tan huɗu a bayansa.

JAKAR ISKA DA IYAKARTA

Maganin da aka fi kawowa shi ne jakar iska, watau wata jakar roba mai kauri da ake sawa tsakanin aksul da shasi. In babu kaya sai a bar ta da iska kaɗan, kamar 5 a gejin mai faci, mota ta zauna ƙasa yadda mai ita ke so. In za a ɗaura tirela sai a ƙara, har zuwa 100 a yawancinsu, baya ya taso ya mai da tazararsa. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ita ce ta sa tauna taura biyu ya yiwu. Amma kamfanonin da ke yin ta da kansu suna rubutawa cewa ba ta ƙara wa mota izinin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Jaka tana ɗaga bodi ne kurum. Kilo 650 na misalinmu yana nan a kan aksul da tayoyin baya, kilo 150 ɗin da aka zare daga gaba kuma bai komo ba. Abin da ke mai da shi shi ne maƙali mai rarraba nauyi, mai sanduna biyu da ake ɗaurewa a wuyan tirela. Wanda ya ga motarsa ta miƙe ya ɗauka nauyi ya tafi, ya ruɗi kansa.

ABUBUWAN DA KE BIYO BAYA

Mota jiki guda ce, in an taɓa ƙafa sai kai ya amsa. Farfelar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul tana da gaɓa mai siffar gicciye a kowane ƙarshe. Irin wannan gaɓa in tana aiki a karkace ba ta juyi da gudu ɗaya, tana sauri tana lafawa sau biyu a kowane zagaye, kuma gaɓa ta biyu ce ke soke abin da ta farko ta ɓata, muddin karkatarsu ta yi daidai. Ƙa'idar masu sana'a ita ce kada bambancinsu ya wuce digiri 1, kuma an fi so kowace kada ta wuce digiri 3. Sauke mota yana rushe wannan daidaito, sai an sa wani siririn ƙarfe mai kama da bakin gatari a ƙarƙashin sifirin an gyara. In ba a yi ba, mota za ta yi ta rawar ɗari, musamman in tana ja a kan tudu.

Shokazoba ma dole a sa gajere, in ba haka ba shi zai riga gammo kaiwa ƙarshe ya fashe. A sake saitin tayoyin gaba, a sake saitin fitila. Tsofaffin motoci da dama, har da Toyota Hilux da muka sani, suna da wani bawul a baya mai sanda zuwa aksul, wanda ke auna zaman mota ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in ya ga ta nutse. In aka sauke mota ba a gyara shi ba, zai ɗauka kullum da lodi take, sai tayoyin baya su riƙa kullewa a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Maƙali kuma ya sauko tare da mota, saboda haka sai an sa mai ɗagaggen wuya don tirela ta tafi a miƙe, domin tirela mai aksul biyu in ta karkata, ɗaya ne ke ɗaukar nauyin ɗan'uwansa.

Sa'an nan ga taya, wadda a nan ne kwalliya ta fi cin mutane. Wanda ya sauke mota yakan so manyan wili masu ƙyalli da siririyar taya. A jikin kowace taya akwai lambar nauyin da za ta iya ɗauka: 121 tana nufin kilo 1,450, 114 kuwa kilo 1,180. Taya biyu na farkon suna ɗaukar kilo 2,900, biyu na biyun 2,360. Da sauya taya kawai an zubar da kilo 540 daga bayan mota, ba a ko taɓa sifirin ba. Shi kansa wili yana da nasa iyakar, a rubuce a bayansa.

LAMBAR DA KE JIKIN ƘOFA

A jikin ƙofar direba akwai takardar da kamfani ya manna, mai nuna iyakar nauyin mota duka da na kowane aksul. Lambar jan tirela kuwa ba da ka ake faɗinta ba. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar da ƙa'ida mai lamba J2807 a 2008, manyan kamfanoni kuma suka bi ta daga baya. Cikin jarrabawarta akwai hawan tudun da ke kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, tafiyar mil 11.4 mai hawan kimanin mita 900, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a buɗe, kuma gudu kada ya sauka ƙasa da mil 40 a awa, ko 35 ga mai tayoyi huɗu a baya. Akwai kuma tashi daga tsaye sau biyar cikin minti biyar a gangara mai kashi 12 cikin 100, gaba da baya, ga gwajin birki da na kaɗawar tirela. Duk wannan an yi shi ne da motar yadda ta fito daga kamfani. Ran da aka yanke shasi, lambar nan ta zama labarin wata mota dabam, wanda ya yi yankan kuwa shi ya ɗauki alhakin da kamfani ya ɗauka a da.

Abin da ya rage wa mai mota shi ne sikeli. Ya ɗaura tirelarsa da kayanta, ya cika tanki, ya ɗauki mutanensa, ya hau ma'aunin manyan motoci, ya karanta nauyin kowane aksul. Sau da yawa zai tarar ba ƙarfin inji ne ya fara ƙarewa ba. Motar da iyakarta kilo 4,536, in ita kanta da direba da mai sun kai 3,500, saura 1,036. Tirela mai wuyan dinya mai kilo 6,000, a kashi 20 cikin 100, za ta danna ta da 1,200. An wuce iyaka ke nan, ko da yake injin zai ja ta ba tare da ya yi nishi ba.

HUKUNCINMU

To, shin taura biyu ta taunu? Amsarmu ita ce ta taunu, in ƙanana ne. Wanda ya sauke gaba inci 2 ta hanyar mazaunin wili, ya sauke baya inci 2 zuwa 4 ta hanyar bulo ko marataya, ya bar fallayensa cif, ya bar shasinsa ba yanka, ya sa jakar iska da gajeren shokazoba, ya gyara farfela, ya riƙe taya mai lambar da ta dace, sa'an nan ya auna ya ga akwai sauran tazara bayan tirela ta hau, wannan zai yi kwalliyarsa ya kuma yi aikinsa. Wanda kuwa ke son mota ta kwanta inci 6 ko 8, to ya zaɓi ɗaya: ko motar nuni, ko motar aiki. Hukuma ma takan sa baki in abin ya wuce gona da iri, kamar yadda jihar Karolina ta Arewa ta hana, daga 1 ga Disamba 2021, tuƙa motar da aka ɗaga gabanta ya fi bayanta da inci 4 ko fiye, domin direbanta ba ya ganin abin da ke gabansa.

Kafin mu zauna, bari mu waiwayo gida kaɗan. Mu a nan juyin wainar muke yi. Tun zamanin a-kori-kurar Peugeot 404 da 504, mai mota yakan kai ta gareji a ƙara mata falle biyu ko uku don ta tashi ta ɗauki buhunan da ba a ƙera ta dominsu ba. Kuskuren ɗaya ne da na mai jakar iska: bodi ya miƙe, amma aksul da taya da birki suna nan yadda suke. Ba'amurke ya sauke, mu mun ɗaga, lissafin kuwa bai san ƙasar kowa ba.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe waɗansunku ne za su zama masu duba motoci, waɗansu su riƙe garejin ma'aikata, waɗansu su sa hannu a ba direba mota da mutane a ciki. In aka kawo muku motar da aka sauya mata tsayi, ko sama ko ƙasa, ku sunkuya ku duba tazarar da ke tsakanin aksul da gammo, ku karanta lambar taya, ku karanta takardar ƙofa, sa'an nan ku tambayi wanda ya yi aikin abin da ya biya da shi. In ya ce bai biya da kome ba, kada ku sa hannu.

Shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.